Ranar da Gwaggo Rediyo Ta Ciji Mataji

A danginmu ni ake nema idan an manta wa ya girmi wa, ko a wane gida aka haifi wane. Tun ina sakandare nake bin tsofaffi da tambaya, har suka gaji suka bar mini aikin tunawa. Amma a cikinsu duka, Gwaggo ce kaɗai ban taɓa yi wa tambaya ba. Ita ba a tambayarta. Gaishe ta kawai za ka yi, sai ka nemi wurin zama mai jingina.

Yayar Babanmu ce, ciki ɗaya, kuma ita ta goye shi. Har yau da furfurarsa Auta take kiransa. Sana'arta kitso. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin layi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai madubi mai tsaga a kusurwa, da benci, da 'yar kujerar da mai kitso ke zama, da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya. Hannunta yana da kyau, ko maƙiyinta bai musa ba. Sai dai duk wadda ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta, ta san kitso za ta samu haɗe da labarin duniya. Yaran layi suka sa mata Rediyo. Da ta ji, cewa ta yi sunan bai dace ba, don rediyo batirinsa yana ƙarewa.

Babbar baiwarta ita ce ƙarasa wa mutum magana. Kana buɗe baki ta gane inda ka dosa, ta riga ka isa, ko da ba can za ka ba. Mijinta kafinta ne, Allah ya ji ƙansa, mutum shiru-shiru. Ta sha ba mu labarin yadda ya nemi aurenta: wai ya tsaya a ƙofar gidansu, ya ce, “Dama na zo ne in…” ita kuma ta ce ta amince. Baffanninmu sun rantse kuɗin gyaran ƙofa ya je karɓa. Ko ma dai mene ne, sun zauna lafiya har ya koma ga Allah, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Umma ta ce ba a ba shi fili ba ne.

Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Idan aka kwantar da wani a asibiti, kafin a gama ɗaura masa ruwa Gwaggo ta iso da bargo da kwanon abinci. Ta yi wanki, ta yi jinya, ta kwana a ƙasa. Matsalar tana wajen lallashi. A wurinta, hanyar kwantar wa mutum da hankali ita ce a kawo masa labarin wanda ya fi shi shiga uku. Lokacin da na karye a hannu, ta zauna a gefena ta ba ni labarin wata yarinya da aka yanke wa nata. Na yi kuka har numfashina ya sarƙe, ta dubi Umma ta ce, “Kin ga, ta samu sauƙi, tana gode wa Allah.”

Babanmu kuwa direba ne. Doguwar motar ma'aikata ta wani kamfani yake ja tun kafin a haife ni, ya ɗebo su da safe, ya mayar da su da yamma. Mutum ne mai son tsabta da kiyaye lokaci. Takalminsa kullum a goge, kuma maƙwabta da tashin motarsa suke tada yara. Sai aka yi musu gwajin ido a wurin aiki, aka ce idonsa na hagu ya yi rauni, ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Aka yi masa ɗan taro, aka tafa masa, aka ba shi agogon bango, ya dawo gida.

Da farko mun ɗauka hutawa yake. A hankali muka lura hutun ya ƙi ƙarewa. Ya daina zama a ƙofar gida. Ya daina aski. Abinci sai ya taɓa ya ture. Abin da ya fi tada mini hankali shi ne safiya: ya tashi a lokacin da ya saba, ya sa takalmi, ya ɗaure igiya, ya zauna a bakin gado yana kallon bango, can kuma ya kwance igiyar ya koma ya kwanta. Umma takan shiga kicin ta kunna famfo don kada mu ji kukanta.

Gwaggo na jin labari ta rufe shago ta taho. Ta leƙa ɗakin, ta ja masa fatar ido, ta yanke hukunci: ƙarancin jini ne. Ta kawo kwalbar maganin ƙarin jini. Da bai yi ba, ta ce to bakin mutane ne. Da wannan ma bai yi ba, ta ce kaɗaici ne, kuma maganin kaɗaici jama'a. Ta bi dangi gida-gida ta raba musu ranakun zuwa. Ɗakin Baba ya koma kamar tashar mota. Wannan ya yi wa'azi, wancan ya ce namiji ba ya haka, wata ta ce ya tashi ya fara kiwon kaji. Har tsoffin abokan aikinsa ta ɗebo, su kuma don su nuna masa kada ya damu da su, suka ce sabon direban yaro ne mai hannu, ko rami ba sa ji yanzu. Baba ya juya ya fuskanci bango.

Ita kanta kullum tana bakin gadon.

“Ido ɗaya ne fa, Auta. Ɗaya tak. Mijin ƙawata duka biyun suka tafi, ga ciwon suga, ga matar ta kwashe kayanta. Bara ma ya rasu. Kai ai lafiyarka ƙalau.”

Wata rana ina ajiye masa shayi na ji ya ce, a hankali, “Yaya, ni dai ji nake kamar…”

“Kamar zazzaɓi, na sani. Tun shigowata na gani a idonka. Uwata,” ta juyo gare ni, “miƙo mini bargon can.”

Aka lulluɓe shi da bargo a tsakiyar zafi.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa kitso wurin Gwaggo duk ranar hutunta, kowa Nas yake ce mata. Ran nan na kai wa Gwaggo saƙon Umma na tarar da ita a zaune, kai a sunkuye, ana ba ta labarin Baba daga farko, har da irin bargon.

“To shi me ya ce?” in ji Nas daga ƙasa.

“Wa?”

“Mara lafiyar.”

“Ai ba ya magana. Ciwon ke nan.”

“Ko farawa ba ya yi?”

“Yana farawa. Ni kuma in ƙarasa masa don kada ya wahala.”

Nas ta yi dariya har tsagar kitson ta karkace. Gwaggo ta dangwarar mata da kai, ta soka mataji a nata bakin don ta samu hannu biyu ta warware. Nas kuwa ta shiga bayani. Ta ce abin da aka kwatanta mata ya yi kama da ciwon damuwa, ko da yake sai likita ya gan shi zai tabbatar. Ta ce ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai ƙarfi da mai rauni, mai ibada da wanda bai damu ba, kuma akwai masu duba shi a asibitinsu. Ta ce a sallami 'yan dubiya. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa da shi ya saurara, ban da faɗa, ban da wa'azi, ban da labarin wanda ya fi shi wahala.

Gwaggo ta zare mataji. “Ƙanena ba mahaukaci ba ne!”

“Ban ce ba, Gwaggo. Mayar da matajin, ban gama ba.”

Abin mamaki, ta mayar.

“Idan ya gama, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa.”

Matajin ya faɗo a kan Nas. “A'uzubillahi! Ni da bakina? In sa masa abin da babu?”

“Tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunanin. In babu, zai ce babu. In akwai, ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai, yana jiran wanda ba zai firgita ba. In ya ce akwai, kada a bar shi shi ɗaya, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ki kawo mana shi a ranar. Sannan abin da ya faɗa miki ba na wannan shagon ba ne. Matarsa da likita kawai.”

Gwaggo ta tsince matajin daga kan Nas. “Shirun nan, na tsawon wane lokaci ne?”

“Har ya gama.”

“In ya tsaya a tsakiya fa?”

“Ki jira.”

“Haka kawai? Ina zaune, ga baki, ga magana?”

“Gwaggo, shekara nawa ina zuwa nan? Yau ne karo na farko da na kai ƙarshen zance, kuma don abin nan yana bakinki ne. In ya kama, ki tafi da shi.”

Gwaggo ba ta yin abu rabi-rabi. Ta ce ba za ta shiga wurin Auta da ɗanyen hannu ba, sai ta gwada a kan wasu. Washegari ta buɗe shago da mataji a baki, ta ƙi cirewa. Kafin azahar layin ya rikice. Mai fenti ya leƙo ya ga ko an tashi ne. Mai gyaran waya ya ce tun safe yake jin kunnensa wani iri, ashe shiru ne. Wata ta ce Gwaggo fushi take da ita, ta shiga ba da haƙuri a kan laifin da ba wanda ya san ta yi. Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen unguwa cewa bakin Rediyo ya shanye, har wata tsohuwa ta zo dubiya da lemo a leda.

Sai dai a ranar wani abu ya faru da ya sa ta ƙara riƙe matajin da kyau. Wata mata da take yi wa kitso shekara da shekaru, da shirun ya yi mata yawa, sai ta fara magana don ta cike wurin. Daga zancen tsadar kaya ta gangaro kan ɗanta da ya bar gida ba labari, ta yi ta kuka a cinyar Gwaggo. Da yamma Gwaggo ta biyo ta gidanmu jiki a sanyaye. Ba ta faɗi ko wace ce ba, matar ce da kanta ta ba ni labari daga baya. Cewa kawai ta yi, “Uwata, na san kan mutane, ashe ban san abin da ke cikinsa ba.” Sannan ta rama shirun ranar a kaina da Umma har aka kira magariba.

Da safe ta dawo da sabon mataji, ja, mai doguwar wutsiya. Ta sa Umma ta tsaya a ƙofa ta mayar da duk mai dubiya. Ta shiga ɗakin Baba ta turo ƙofa.

Abin da ya faru a ciki ba daga bakinta na ji ba. Na yi mata dabara iri-iri, matar da ke iya ba ka labarin abin da maƙwabta suka ci jiya, amma a kan wannan ko kalma. Baba ne ya ba ni da kansa bayan ya samu sauƙi, kuma shi ya ce in rubuta, ko wani zai amfana.

Ya ce yana kwance yana fuskantar bango ya ji shigowarta, ya ja numfashi ya shirya. Ya ji ta ja kujera. Ya jira labarin wanda ya mutu. Shiru. Ya ƙara jira. Shiru. Tsoro ya kama shi, ya juyo, ya ga yayarsa zaune da jan mataji a baki, ido waje, gumi na bin goshinta.

“Yaya, lafiya?”

Ta gyaɗa kai.

“Haƙori ne?”

Ta girgiza kai.

“Wani ne ya rasu?”

Ta girgiza da ƙarfi, ta nuna shi da yatsa, ta nuna kunnenta.

Ya ce ya daɗe yana kallonta. Sai ya gwada, kamar mai taka gadar da bai yarda da ita ba. “Ni dai ji nake kamar…” Ya tsaya a nan don ya san a nan ake karɓe masa. Ya ga maƙogwaronta ya motsa. Ya ga ta damƙe gefen kujera. Ba ta ce komai ba.

“Kamar an sauke kowa an bar ni a mota,” ya ƙarasa.

Daga nan maganar ta ɓalle. Ya faɗa mata yadda yake farkawa da nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa buhu. Yadda abinci ya koma kamar takarda a bakinsa. Yadda yake jin kunyar haɗa ido da Umma. Yadda kowane mai dubiya ke tafiya ya bar shi da tabbacin cewa shi butulu ne, tunda ga waɗanda suka fi shi wahala suna dariya. Ya ce da ya zo nan sai ya ji ƙas, haƙorin mataji ɗaya ya karye. Ta tofar a tafin hannu ta mayar da sauran.

Sannan ya ce yana ganin ya zame mana kaya, da babu shi da mun fi sakewa. Ya ce a nan ya tabbata za ta fashe, don ya ga amsoshi sun cika mata kumatu. Hawaye ne kawai suka zubo, suka bi wutsiyar matajin suna ɗiga a zaninta.

Da ya yi shiru, ta jira. Ta ƙara jira, har ya ce, “Na gama, Yaya.”

Ta zare matajin. Muryarta ta dushe kamar ba tata ba.

“Auta, zan tambaye ka, kuma ba faɗa zan yi ba. Kana tunanin kashe kanka?”

Ya ce ba wanda ya taɓa kawo kalmar kusa da shi, kuma da ya ji ta a fili sai ya ji kamar an buɗe taga. Ya ce mata tunanin yana zuwa, yana korarsa, yana dawowa, kuma kwanan nan ya fi daɗewa kafin ya tafi.

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tuna masa wuta ba. Ta kama hannunsa ta ce, “Na ji. Ka kyauta da ka faɗa mini. Ba zan bar ka kai kaɗai da shi ba. Akwai masu duba wannan ciwon, yau za mu je.”

“Za a ce na haukace.”

“Wa zai ce? Duk wanda ke yaɗa magana a unguwar nan daga wurina yake saro ta, ni kuma na rufe shago.”

Baba ya ce a nan ya ji wani abu mai kama da dariya ya taso masa, karo na farko tun da aka ba shi agogon bango. Ya yarda zai je, bisa sharaɗi ɗaya: shi zai yi wa likita bayani da bakinsa.

Ta fito ta ja Umma gefe suka yi ƙus-ƙus. Umma ta shiga ta zauna da shi, ita kuma ta bi ɗakin ta tattare abin da Nas ta ce a kawar, har da kwalbarta ta ƙarin jini. Kafin azahar muna asibiti mu huɗu. Nas ta gan mu, ta dubi Baba, ta dubi guntun matajin da ke hannun Gwaggo, ta nuna mana ƙofar likita.

Likitan mutum ne mai sanyin murya. Ya ba Baba kujera, ya ce, “Baba, me ke tafe da kai?”

“Wato likita, abin ya faro ne tun ranar da…” in ji Gwaggo.

Baba ya juyo ya dube ta. Ta dubi matajin, ta ga babu sauran inda za a ciza. Sai ta miƙe da kanta, ta kama hannuna da na Umma, ta fitar da mu, ta ja ƙofar ta rufe.

Muka zauna a bencin jira. Ta daure iya daurewa, sannan ta juya ga matar da ke kusa da ita ta tambaye ta wa ya yi mata wannan kitson, don ko wace ce ba ta tsoron Allah. Kafin wani lokaci duk bencin ya san tarihin fankar shagonta. Amma na lura kowane ɗan jim takan tsaya a tsakiyar zance ta karkata kunne wajen ƙofar. Ba a jin kalmomi, sai dai murya. Muryar Baba ce, tana tafiya, tana tsayawa, tana ci gaba, ba mai katse ta.

Ba a ranar ya warke ba, kada in yi ƙarya. An ba shi magani, an sa masa ranakun komawa don tattaunawa, an faɗa wa Umma alamomin da in ta gani za ta dawo da shi ba jira. Har yanzu akwai ranakun da nauyin ke dawowa, sai dai yanzu yakan faɗa, mu kuma mun koyi zama. Ya koma aski, ya koma ƙofar gida, kuma yaran layi masu koyon mota sun gano inda ake samun shawara.

Amma a ranar, da ƙofar ta buɗe, ya fito da takardar magani a hannu, ido ja, a gajiye kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Gwaggo ta miƙe tsaye. Na ga tambayoyi sun yi layi a bakinta, ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya zauna a bencin, ya jingina, ya sauke numfashi.

“Ya ce in dawo mako mai zuwa, kuma zan dawo,” ya ce. Ya dube ta. “Yaya, ashe magana aiki ce. Muƙamuƙina kamar zai faɗi. Ke yaya kike yi duk shekarun nan?”

Gwaggo ta dube shi, ta dube mu.

“In amsa,” ta ce, “ko ba ka gama ba?”